Motar fam miliyan 10 da gwanjo ya kasa wanke ta: labarin Ferrari 375 Plus

A watan Satumban 2024, Hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 a hedikwatarta da ke Abuja. An sato motocin ne daga can aka shigo da su Najeriya. Irin wannan lamari kan bar tambaya mai wuyar amsawa: idan motar sata ta ratsa hannaye da yawa, har wani ya saye ta da kuɗinsa na halal bai san komai ba, ta wa ce? Shari'ar da ta fi fito da wannan tambaya fili a duniyar motocin tarihi ita ce ta wata Ferrari 375 Plus, mai lambar shasi 0384AM.

Kamfanin Ferrari na Italiya ya ƙera irin wannan mota a 1954 domin tsere kawai, kuma 'yan ƙalilan ya yi. Injinta mai silinda 12 ne, girmansa ya kusa lita 5. Wata 'yar'uwarta ce ta lashe tseren sa'o'i 24 na Le Mans a Faransa a shekarar, ita kuwa 0384AM ta yi nasara a Silverstone ta Ingila a hannun José Froilán González, ɗan ƙasar Ajantina. Daga nan aka sayar da ita zuwa Amurka, ta ci gaba da tsere har ta lalace.

A 1958 wani mazaunin birnin Cincinnati a jihar Ohio ya sayi ragowarta a kan dala 2,500, ya ajiye a fili cikin tarkacen motocinsa. Kusan shekara 30 tana nan, rana da ruwan sama suna dukanta. A shekarun 1980, lokacin da farashin tsofaffin Ferrari ya yi tashin gwauron zabi, ɓarayi suka ɗauke shasin da wasu sassa, sauran sassan suka rage a filin mai ita. Abin da aka sace ya tsallaka teku zuwa Beljiyam. Hukumomin ƙasar sun riƙe shi na wani lokaci, suka sake shi, sannan a 1990 Jacques Swaters, tsohon ɗan tsere kuma babban dillalin Ferrari a ƙasar, ya saya ya sa aka gyara motar ta koma kamar sabuwa.

A nan ne dokokin ƙasashe biyu suka yi karo. A tsarin da Amurka ta gada daga Ingila, ɓarawo ba ya mallakar abin da ya sata, saboda haka ba zai iya mallaka wa wani ba, ko da mai sayen bai san na sata ba ne. A Beljiyam kuwa, doka ta fi karkata ga wanda ya saya da zuciya ɗaya: tana ba wanda aka yi wa sata wa'adin shekara uku ya nemi kayansa, bayan haka ƙofa ta rufe. Mota ɗaya ke nan, a Ohio kayan sata ce, a Brussels dukiyar mai riƙe da ita ce.

Swaters ya ce a 1999 an daidaita da mutumin Ohio, an biya shi dala 625,000. Magadan mutumin suka musanta, suka ce sa hannun da ke kan takardar na jabu ne. Mai motar na farko ya rasu a 2003, Swaters ya bi shi a 2010, rigimar ta zama gado ga 'ya'yansu mata.

A 2013 ɓangarorin suka amince a haɗa motar da sassan da suka rage a Ohio, a sayar, a raba kuɗin. Kamfanin gwanjo na Bonhams ya buga mata guduma a ranar 27 ga Yuni, 2014, a bikin motoci na Goodwood da ke Ingila, a kan fam miliyan 10.75. Wanda ya saya shi ne Les Wexner, attajirin Amurka da ke da kamfanin Victoria's Secret a lokacin.

Sai dai guduma ba ta kashe wutar ba. Wexner ya kai Bonhams ƙara yana neman a mayar masa da kuɗinsa, bisa hujjar cewa an nuna masa rigimar mallaka ta ƙare alhali da sauranta. Hausawa kan ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙorafinsa shi ne ba a gaya masa rariya ba ce. A 2015 Babbar Kotun Landan ta yanke cewa ɗiyar Swaters ce ke da mallakar motar a lokacin da aka sayar, kuma a 2016 aka sasanta sauran ƙararrakin, Wexner ya karɓi motarsa.

Abin lura shi ne, ba ƙarfe aka saya da waɗannan miliyoyi ba. An sake yin sassa da dama na motar lokacin gyara. Abin da ya ba ta daraja shi ne lambar 0384AM da tarihin da ke rataye da ita, kuma wannan lambar ce ta hana a ɓoye cewa an taɓa sace ta.

A Najeriya, wadda ita ma ta gaji ƙa'idar Ingila kan cinikin kaya, mai sayen motar sata yana iya rasa mota da kuɗi gaba ɗaya. Idan kuma aka tabbatar ya san ta sata ce, dokar Penal Code da ke aiki a Abuja da jihohin Arewa tana hukunta shi a matsayin ɓarawon zaune. Rundunar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol tana da rumbun bayanan motocin sata da jami'an tsaron ƙasashe ke dubawa, kuma kusan kowace motar zamani tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17 a jikinta, wadda ya kamata ta dace da ta takardun kwastam.