Koyar da Al'adun Japan a Firamare: Daga Fadamar Haɗeja Zuwa Tokyo

1.0 Gabatarwa

Yaron da bai san al'adar wasu ba, yakan yi wa duk abin da ya saɓa wa tasa dariya. Yara da yawa ma ba sa bambance Bajapane da mutumin Sin. Gyaran wannan yana hannun malami, kuma ƙa'idarsa ita ce a fara da abin da yaro ya sani, sannan a kai shi ga wanda bai sani ba. Ga ɗan ƙasar Haɗeja, abin da ya sani shi ne shinkafa da kifi da gaisuwa.

2.0 Shinkafa

Japan tarin tsibirai ce a gabashin Asiya, manyansu huɗu, kuma babban birninta Tokyo. Shinkafa ita ce cimar mutanenta, har kalmar "gohan" tana nufin dafaffiyar shinkafa, tana kuma nufin abinci gaba ɗaya, kamar yadda Bahaushe ke cewa "a zo a ci tuwo". A ranar 23 ga Nuwamba Sarkin Japan yakan yi bikin godiya a kan sabuwar shinkafa. Ɗan manomin Auyo ko Kirikasamma ba zai sha wahalar fahimtar murnar kaka ba. Malami zai iya ƙarawa da cewa shirin Sasakawa Global 2000, wanda ya fara aiki da manoman Nijeriya a 1992, sunan wani Bajapane, Ryoichi Sasakawa, ya ci.

3.0 Kifi da Ladabi

Ranar 5 ga Mayu ita ce Ranar Yara a Japan. A lokacin ana ɗaga tutoci masu siffar kifi, domin wannan kifin yana tunkarar ruwa mai gudu, ana fata yara su taso da irin juriyarsa. Ɗan masunci ya san ƙarfin kogi, don haka ma'anar ba za ta shige masa duhu ba. Haka kuma Bajapane yana rusunawa wajen gaisuwa, yana cire takalmi kafin shiga gida, kamar yadda yaro ke yi a zauren malam. Bugu da ƙari, ɗalibai da kansu ke share ajinsu.

4.0 Harshe

Japananci da Hausa duk suna bambanta ma'ana da tsawon wasali. A Japananci "obasan" goggo ce ko inna, "obaasan" kuwa kaka ce. A Hausa ma garin zama gajeren wasali gare shi a gaɓar farko, garin tuwo kuwa dogo. Misali ɗaya ya koyar da darasi biyu.

5.0 Kammalawa

Wajibi ne malami ya nuna bambanci kamar yadda ya nuna kama. Bikin shinkafar can yana da tushe a addinin Shinto, saboda haka bayaninsa ake yi, ba kwaikwayonsa ba. Manufa ita ce yaro ya girmama al'adar wani ba tare da ya raina tasa ba.

Aikin Ɗalibi

Tsara darasin minti 35 ga 'yan aji huɗu a kan tutar kifi, tare da lissafa kayan aikin da za a iya samu a kasuwar Haɗeja.