Haƙƙin Kare a Wuyan Mai Shi

A ƙasar Hausa ba a cika ajiye kare don ado ba, galibi aiki ne ke kawo shi gida: mafarauci yana bukatarsa a dawa idan an gama girbi rani ya shigo, makiyayi yana barinsa ya riƙa zagaya garke da dare, mai gida kuma yana son haushinsa ya tashe shi kafin ɓarawo ya haura katanga. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a arewacin Najeriya da Nijar, sun halatta riƙon kare saboda farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma ba su ɗauki jikinsa a matsayin najasa ba matuƙar yana raye, ko da yake sun koyar da wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Akwai kuma hadisi sananne game da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Duk da haka, kare na cikin dabbobin da ake yawan morar su ba tare da an sauke nauyinsu ba, alhali kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ginshiƙin kula da kare shi ne lura, domin dabba ce da ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo, kuma sau da yawa takan jure har sai abin ya yi nisa. Mai karen da ya san aikinsa yana sane da yadda karensa ke cin abinci da yadda yake kwanciya da irin tarbar da yake yi masa idan ya dawo gida, saboda haka ranar da ya bar abinci a kasko, ko ya ƙi tashi daga inuwa, nan take zai gane akwai matsala. Gogaggun mafarauta sun daɗe da wannan ido, kuma shi ne abin da likitan dabbobi yake fara nema, domin tambayarsa ta farko takan kasance yaushe karen ya daina ci, tambayar da mai ɗaure kare a bayan gida ya manta da shi ba zai iya amsawa ba.

Sauran tuwo da ake zuba wa kare yana cika ciki amma ba ya gina jiki, domin yana bukatar nama ko kifi ko ƙwai a cikin cimarsa, musamman ɗan kwikwiyo mai tasowa da karya mai shayarwa. Wasu abubuwan da mutum ke ci lafiya ƙalau kuwa guba ne a gare shi. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jininsa, wato ƙwayoyin da ke ɗaukar iskar numfashi zuwa sassan jiki, kuma dafa su a miya ba ya kawar da illar; inabi yana iya kashe masa ƙoda; cakulan da goro suna ɗauke da sinadaran da ke rikita masa bugun zuciya; ƙashin kaza dafaffe kuma yana farfashewa da tsini har ya huda hanji. Haka nan magungunan ciwon jiki na mutane, waɗanda wasu kan ba kare cikin kyakkyawar niyya, suna iya illata masa hanta da ƙoda da tumbi.

Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, ya fi wahalar da kare fiye da yadda ake zato, saboda ba ya yin gumi a fatarsa kamar mutum sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, hanyarsa ta huce zafi ita ce haki da harshe a waje, kuma hakin yana cin ruwan jiki. Karen da nauyinsa ya kai kilo 20 yana bukatar kimanin lita ɗaya ta ruwa a rana ko da babu zafi. Karnukan Azawak da Abzinawa ke kiwo a kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali siraran jiki ne masu gajeren gashi da dogayen ƙafafu, halittar da ta dace da sahel, amma manyan karnuka masu kaurin gashi da asalinsu daga tsaunukan Kokasas, waɗanda wasu masu hali ke saye don burgewa, azaba kawai suke sha a keji mai rufin kwano, kuma da wuya a kira wannan ƙauna komai tsadar abincin da ake ba su.

Duba jikin kare da hannu aiki ne na mintoci kaɗan da ke tona abubuwa da yawa. Kaska takan maƙale a cikin kunne da tsakanin yatsun ƙafa da ƙarƙashin wuya, kuma ban da jinin da take sha tana shigar da ƙwayoyin cuta da ke farfasa jini, saboda haka mai lura yakan ɗaga leɓen karen ya duba dasashi: na mai lafiya jaja-jaja ne, idan kuwa ya yi fari fat, ko fitsari ya koma launin shayi, lokacin zuwa asibiti ya yi. A wurare masu damshi akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai a yashin da fitsari ko kashi ya ɓata, tsutsar ta shige fatar kwikwiyo ta tayar da ƙurji mai ƙaramar ƙofa a tsakiya. Ana shafa man baselin a toshe ƙofar, tsutsar ta rasa iska ta leƙo, sannan a matse ta a hankali, amma maganin gaskiya shi ne share makwanci da barinsa a bushe.

Ana fara yi wa kwikwiyo allurar rigakafi yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai kimanin mako 16, domin kare shi daga cututtuka irin su fabo, wadda ta bazu a duniya a 1978, mai sa amai da zawo da jini, kuma mai kashe ƙananan karnuka cikin 'yan kwanaki. Maganin tsutsar ciki shi ma yana da lokutansa. Game da ɗauri kuwa, karen da ya tashi a sarƙa dare da rana, bai saba da mutane ba, bai samu motsa jiki ba, tsoro ne ke cika shi, kuma kare mai tsoro ya fi saurin cizon yaron maƙwabci fiye da kama ɓarawo.

Inda nauyin mai kare ya tsallake katangar gidansa shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare ko yaƙushinsa, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, tana bin jijiya sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata 2 zuwa 3, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan babu mai tsira. Tun 1885 masanin Faransa Louis Pasteur ya fara yi wa mutum rigakafinta, shi ya sa aka ware ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, don wayar da kai game da cutar. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, yaɗuwar cutar takan tsinke. Ana yin allurar farko kare yana da wata 3, a sabunta kowace shekara, a adana takardar shaida. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura, kuma akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ban da na gwamnatocin jihohi.

Mutane sun fi sanin mahaukacin karen da ke yawo yana cizon duk abin da ya tarar, amma akwai nau'i na biyu mai yaudara, wanda kare kan yi shiru ya laɓe, muƙamuƙinsa ya saki, yawu ya riƙa dalala, har mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa a maƙogwaro ya zura hannu don ya ciro, ta haka tausayi ya jawo masa cutar. Idan kare ya ciji mutum, abu na farko shi ne wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar domin a fara allura, ba tare da jiran ganin abin da zai faru ba. Karen kuma, idan na gida ne kuma ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, ya fi kyau a killace shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi maimakon a rufe shi da duka a jefar da gawar, domin idan ya kai ƙarshen kwanakin yana cikin ƙoshin lafiya, hakan shaida ce cewa babu cutar a yawunsa lokacin da ya yi cizon, idan kuwa ya mutu a tsakani, ana aika kansa ɗakin gwaji a tabbatar.