Talakan Faransa da Ɗan Ƙasar Faransa: Dokar Zama Ɗan Ƙasa a Zamanin Nasara

Tun daga farkon ƙarni na 20, mutanen Agye, Gazawa da Gidan Runji suna ƙarƙashin tutar Faransa. Suna biya mata lanho, suna yi mata aikin hanya, ana ɗibar ƴaƴansu soja, amma har zuwa 1946 a gaban doka ba ƴan ƙasarta ba ne. Dokar mulkin mallaka ta kasa mutane gida biyu. Akwai ɗan ƙasa, mai ƙuri'a, wanda kotun Faransa kaɗai ke iya hukunta shi. Akwai kuma talakan Faransa, wanda nauyi ke kansa, hakki kuwa babu.

Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila ne suka bar wannan yanki a hannun Faransa. Nijar ta zama ƙasar mallaka a 1922, kwamandan yankin yana zaune a Tasawa, kafin a maido da barikinsa Maraɗi a 1927. Abin da ya fi shafar talaka shi ne tsarin da Faransawa suka kira andijena, wanda aka shimfiɗa a duk Afirka ta Yamma ta Faransa a 1904. Da shi kwamanda yana iya jefa mutum gidan kaso na kwana 15, ko ya ci shi tarar tamma 100, wato dala 20, ba alƙali, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara. Jinkirin lanho ya isa laifi. Ƙin fita aikin dole ya isa laifi. Shi ya sa gidaje da dama suka riƙa tsallakawa ƙasar Katsina, ko da yake can ma Ingila ta ajiye mutanen Arewa a matsayin waɗanda take karewa, ba daidai da haifaffun Legas ba.

Akwai ƙofar fita daga wannan hali, kuma dokar 25 ga Mayu 1912 ce ta yanka ta. Sai dai a saurari sharuɗɗan. Mai nema ya iya karatu da rubutun Faransanci. Ya nuna biyayya ga Faransa, ko ya yi shekara 10 yana aiki a ma'aikatar Faransawa ba tare da aibu ba. Ya kasance yana da abin hannu, a kuma shaide shi da halin kirki. Sannan babban sharaɗi: ya rabu da shari'arsa ta aure, saki da gado, ya koma ƙarƙashin dokar Faransa. A shekarun 1930 aka ƙara ɗaure abin: mace ɗaya, rajistar aure da haihuwa a ofis, ƴaƴa a lakwal, zaman gida irin na Turawa.

A auna waɗannan da malamin Tsibiri da ya haddace Alƙur'ani, yake raba gado da fiƙihun Malikiyya, yake rubuta wasiƙa da ajami. Duk wannan ilimi, a takardar neman zama ɗan ƙasa, ba a lissafa shi ko kaɗan. A auna su da manomin gyaɗa na Gangara ko Cadawa, wanda bai taɓa ganin ƙofar lakwal ba domin ba a gina ta kusa da shi ba. Ko wanda ya cika sharuɗɗan duka, bai samu hakki ba, roƙo kawai ya samu damar yi. Takardarsa za ta bi ta hannun kwamanda, ta je wurin gwamna, ta wuce Dakar, ta ƙare a Paris, kuma kowane teburi yana iya cewa a'a ba tare da faɗin dalili ba.

Alƙaluma sun nuna yadda ƙofar take da ƙunci. A 1936, cikin mutum kusan miliyan 15 na Afirka ta Yamma ta Faransa, baƙar fata ƴan ƙasa ba su wuce kimanin 80,000 ba. Kusan 78,000 daga cikinsu mutanen garuruwa huɗu ne na Senegal, wato Saint-Louis, Gore, Rufisque da Dakar. Duk sauran ƙasashen, har da Nijar, suka raba kimanin 2,000.

Waɗannan garuruwa huɗu su ne suka tona asirin hujjar Faransa ta cewa shari'ar aure ce shingen. Blaise Diagne, baƙar fata na farko daga Afirka da ya shiga majalisar dokokin Faransa a 1914, ya sa an zartar da dokar 29 ga Satumba 1916, wadda ta tabbatar wa haifaffun garuruwan da zuriyarsu zama ƴan ƙasa. Ba a ce su saki mata ba. Ba a rufe kotun Musulunci ta Saint-Louis ba. Musulmi mai mata huɗu a Dakar ɗan ƙasa ne, ɗan'uwansa a Cadakori talaka ne. Ashe shari'ar aure ba ita ce shingen ba.

Shingen na gaskiya yana cikin wasu dokoki biyu. Ta 1897 ta bai wa baƙo, ɗan Italiya ko ɗan Girka da ya zauna a ƙasar mallaka, hanyar zama ɗan Faransa, ta kuma faɗa a fili cewa matsayin ƴan asalin ƙasa bai canza ba. Baƙon da ya zo jiya yana da hanya, mai gari a lokacin ba shi da ita. Ta biyu, ta 5 ga Satumba 1930, ta fi fitowa fili. Ta shafi ƴaƴan da Turawa suka haifa da matan ƙasa suka tafi suka bari. Irin wannan yaro yana iya zama ɗan ƙasa idan kotu ta gamsu cewa uban da ba a sani ba asalin Turai ne. Makamanciyarta ta Indocina, ta 1928, ta ambaci jinsin Faransawa ƙarara. Alƙali yakan duba sunan yaro da tarbiyyarsa, a wasu shari'o'in har da takardar likita a kan launinsa da kamanninsa. Uban da ya gudu, jininsa ya buɗe ƙofar da shekara 10 na aiki ba lalle su buɗe ba.

Amurka kuwa ba ta ɓoye nata sharaɗin launi ba. Dokarta ta 1790 ta keɓe zama ɗan ƙasa ga farar fata mai ƴanci. A 1870 aka shigar da ƴan asalin Afirka, aka bar mutanen Asiya a waje. A 1923 kotun ƙoli ta hana Bhagat Singh Thind, Ba'indiyen da ya yi wa Amurka aikin soja, zama ɗan ƙasa. Sai a 1952 aka cire sharaɗin launi gaba ɗaya.

A ƙasashen Faransa, shekarar 1946 ce ta rushe ginin. Aka soke andijena, dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu ta hana aikin dole, dokar Lamine Guèye ta 7 ga Mayu ta mai da kowa ɗan ƙasa ba tare da ya bar shari'arsa ba. Hamani Diori ya tafi majalisar Paris a wannan shekara, Georges Condat, haifaffen Maraɗi, ya bi shi a 1948. Ƙuri'a kuwa ta tsaya ga sarakuna, ma'aikata, tsofaffin sojoji da ire-irensu, sai a 1956 ta kai ga kowane baligi, namiji da mace.

Nijar ta samu ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960, ta yi dokar zama ɗan ƙasa a 1961, ta sake ta a 1984. Dokar tana neman zaman shekara 10 daga baƙo, ba ta tambayar launinsa. Bambancin da ya rage a lokacin na tsakanin uwa da uba ne: sai a 1999 mace ƴar Nijar ta samu ikon bai wa ɗanta ƙasarta daidai da namiji, a 2014 kuma ta samu ikon bai wa mijinta.