Motar Haibirid a Hanyar Anka zuwa Gummi: Ina Safaya, Ina Jak?

Duk direban da ya baro Gusau ya karya a mararrabar Mayanchi ya nufi Anka, akwai lissafin da yake yi a zuci ko da bai furta ba: ƙarfe nawa zai wuce wuri kaza, kuma ko zai isa Gummi da sauran rana. Shekarun da aka kwashe ana fama da ƴan bindiga a yammacin Zamfara sun koya wa kowa cewa tsayuwa a tsakiyar daji ba abin wasa ba ce. Masu Golf da Sharon na haya sun fi kowa sanin haka, shi ya sa ba a raba but ɗinsu da safaya, wani ma har biyu, ko da sun sha faci sun gaji.

Sai ga wata baƙuwa ta fara leƙo wannan hanya. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Ma'aikacin da iyalinsa ke Bukkuyum aikinsa na Gusau, da ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Gummi da Sakkwato, sun fara sauraron labarin haibirid, motar da ke haɗa injin fetur da na lantarki. Ba sabuwar fasaha ba ce, don tun 1997 Toyota ta fitar da Prius a Japan. Har yanzu ba su da yawa a wannan yanki, amma wanda ya je Kano ko Abuja sayen mota yau zai tarar da Prius da Camry da Accord masu batir jere a gaban dillalai.

Tambayar farko da mai saye ke yi ita ce shan mai. Ta biyu lafiyar batir. Da wuya a ga wanda ya buɗe but ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya leƙa, alhali nan ne abin da zai cece shi tsakanin Anka da Daki Takwas yake, ko kuma babu shi.

Babu shi ɗin kuwa ba lallai sata aka yi a tashar jirgin ruwa ba. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ƙidaya cewa kashi 28 cikin ɗari na sababbin motocin 2017 a can sun fito ne ba safaya, kuma daga Amurka yawancin motocinmu na hannu suke zuwa. A haibirid abin ya fi yawa, saboda babban batirin yana bukatar wuri, masu ƙerawa kuma suna rage duk nauyin da za su iya don motar ta ƙara tsimin mai. Prius mai caji ta 2012 ba ta da safaya. Ford C-Max ma haka, Honda CR-V haibirid ta 2020 ma haka. Abin da aka saka a madadin shi ne ƙaramin famfon iska mai aiki da lantarki da kwalbar wani ruwa mai danƙo da ake ɗurawa cikin taya ya toshe huda.

A titin birnin Turai wannan dabara ce mai kyau. Ruwan yana toshe ƙaramar hudar ƙusa, wadda ba ta wuce milimita huɗu zuwa shida ba, kuma sai in a tafin tayar take, inda ke taka ƙasa. To amma me ke kashe taya a hanyar Bagega ko a rafukan Bukkuyum? Bakin rami mai kaifi da ya tsage gefen taya, dutsen da ya lanƙwasa rim, kututturen da ruwan damina ya tono. Ga irin wannan, ruwan danƙo ba ya da magani ko kaɗan. Yana kuma da ranar lalacewa a jikin kwalbar, kuma motar da ta yi shekara goma kafin ta iso Najeriya, ta ƙara shan zafin bazara mai haura digiri 40, da wuya a tarar da nata da sauran amfani. Mai faci ma ba ya murna da tayar da aka cika da shi, don sai ya wanke cikinta tas kafin faci ya kama.

Saboda haka wanda zai bi wannan hanya da haibirid ya nemi safaya ta gaske, kuma kada ya saya da ido kawai. Abu na farko ramukan noti. Prius ta 2004 zuwa 2022 ramuka biyar gare ta a da'ira mai faɗin milimita 100, irin na Corolla da yawa na waɗannan shekaru. Camry da RAV4 su ma biyar ne, amma a da'irar milimita 114.3. Da ido kamar ɗaya suke, sai an zo ɗaurawa a ga ba su hau ba. Dacewa da Corolla labari ne mai daɗi ga mai Prius, domin Corolla ta cika ƙasar nan, kuma tayar 195/65R15 da yawancin Prius ke sawa ita ce a ƙafar Corolla da yawa. Duk da haka a gwada a gaban mai sayarwa: a cire ƙafa ɗaya, a ɗaura sabuwar, a juya ta a ji ko tana gugar birki.

Na biyu girma. Kwamfutar motar tana ƙidaya juyawar kowace ƙafa don ta sarrafa birki da hana zamewa, a haibirid kuma birkin yana haɗe da cajin batir. In ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta sosai, lissafin ya rikice, fitilun gargaɗi su kama. Ƴar siririyar safayar da ke zuwa da wasu motocin an yi ta ne don ta kai mutum wurin mai faci mafi kusa: ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, kuma iskarta 60 ce a ma'aunin masu faci, kusan ninki biyu na tayar yau da kullum. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai a ba ta 32 kamar sauran, ta yi laushi ta mutu tun ba a je ko'ina ba. Ga wanda ke shiga ƙauyuka, cikakkiyar taya mai rim ɗin ƙarfe ta fi, domin rim ɗin ƙarfe in ya lanƙwashe ana buga shi da guduma ya miƙe, na alminiyom kuwa tsagewa yake yi.

Na uku shekaru. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta ƙare, masu ƙera taya kuma suna ba da shida zuwa goma. Ko wanne aka bi, safayar da ta zo da motar 2010 ta tsufa, ko da zanenta bai taɓa taka ƙasa ba.

Sai wurin ajiya. Cikakkiyar taya ba ta cika shiga ramin siririyar ba, don haka a kan shimfiɗar but take zama. A ɗaure ta tamau da igiya mai ƙarfi, musamman a Prius da but ɗinta ke haɗe da mazaunin fasinja. A kuma kula da ƴar tagar iska da ke gefen kujerar baya, wadda ta nan batirin ke shan iskar da ke sanyaya shi. Buhun gero ko jakar kaya in ta toshe ta, a zafin watan Afrilu, batirin ne zai biya.

Jak kuwa nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada. Direbobi suna son na kwalba mai mai a ciki, saboda ƙarfinsa da saurinsa, kuma gaskiyarsu a kan babbar mota. Amma tsakanin cikin Prius da ƙasa bai fi santimita 14 ba ko da tayoyinta na cike, in ɗaya ta sace kuma ya ƙara raguwa, jak ɗin kwalba da yawa kuwa sun fi haka tsayi. Sai a ga mutum ya rasa inda zai cusa shi, ya tura shi duk inda ya samu a ƙarƙashin mota. A haibirid wannan ganganci ne. Ta ƙarƙashin nan wayoyi masu ruwan lemo suke bi daga batirin baya zuwa injin gaba, ɗauke da wutar da ta haura bolt 200. Wurin sa jak yana gefen mota, bayan ƙafar gaba da gaban ƙafar baya, inda aka yi ƴan tsaga biyu a bakin ƙarfen. Jak mai almakashi da bakinsa ya dace da wannan wuri, mai ɗaukar tan ɗaya da rabi, ya ishi Prius mai nauyin kilo 1,400 ko Camry. Highlander da ta kai tan biyu tana son wanda ya fi wannan. A haɗa da guntun katako mai kauri, faɗin tafin hannu biyu, domin a yashi ko taɓon gefen hanya jak nutsewa yake yi maimakon ya ɗaga. A haɗa da sifana mai dogon hannu: notin Toyota lamba 21 ne, na Honda 19, kuma wanda aka ɗaure da injin iska ba ya kwantuwa da ƴar guntuwar sifanar kamfani.

Akwai wani hali na haibirid da ke yaudarar har tsofaffin direbobi. In ta tsaya injinta yakan yi shiru kamar an kashe, alhali tana kunne. Muddin kalmar READY na haske a gaban direba, injin zai iya tashi da kansa a kowane lokaci don ya ciyar da batir, ya girgiza motar tana kan jak. A sa ta a P, a taka birkin ajiya, a kashe ta gaba ɗaya, a sa dutse a ƙafar da ke kusurwar nesa, sannan a fara.

Wanda ya ce in ta lalace sai a ja shi da igiya zuwa Anka, shi ma ya sake tunani. Ƙafafun gaba a haɗe suke da injin lantarki, in aka ja motar suna birgima a ƙasa sai ya riƙa haifar da wuta, abin da ka iya lalata kayan da kuɗinsu ya ninka na taya sau da yawa. Ɗaukarta ake yi a kan babbar mota, irin wannan motar kuwa ba a kowane gari take ba. Kiran waya ma ba abin dogaro ba ne a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya.

Abin da ya rage shi ne gwaji a ƙofar gida, ranar da ba a gaggawa. Mai mota ya fito da komai, ya kwance ƙafa ɗaya da hannunsa, ya ɗaura safayar, ya duba agogo. A nan ne zai gane ko jak ɗin ya cije da tsatsa, ko akwai noti ɗaya mai makulli da mabuɗinsa ya tsaya a Amurka, ko safayar ba ta da iska. Wanda hannunsa ya saba yakan gama cikin minti goma sha biyar. Kafin kowace tafiya zuwa Gummi ko Bukkuyum kuma, in ya tsaya wurin mai faci a Gusau a duba iska, ya buɗe but ya ce a gwada har ta biyar ɗin.