Kalmomin Gyaran Jiki a Hausar Potiskum: Asalinsu da Sauyin Ma'anarsu

1.0 Gabatarwa

Manazarta da suka duƙufa a kan kalmomin aro a Hausa sun fi mai da hankali ga fannonin addini da mulki da ciniki da karatu, wato fannonin da maza suka mamaye. Kalmomin da mata ke amfani da su a tsakar gida, musamman na kwalliya da gyaran jiki, ba su sami kulawar da ta kai haka ba, alhali kuwa a cikinsu akwai tarihin cuɗanyar al'ummu wanda ba a samu a bakin malamai ko fadawa. Wannan maƙala za ta dubi wasu daga cikin waɗannan kalmomi kamar yadda ake jin su a garin Potiskum na Jihar Yobe, domin a nuna hanyoyin da suka bi suka shigo Hausa, da yadda ma'anar wasunsu ke sauyawa a yau.

2.0 Dalilin Zaɓen Potiskum

Potiskum, wadda Hausawa kan kira Fataskum, ba ƙasar Hausa ba ce ta asali. Gari ne na Ngizim da Karekare, kuma Bolewa suka ƙaru a cikinsa bayan da aka mayar da hedikwatar masarautar Fika can a 1924. Akwai kuma Ngamo da Fulani da Barebari da Hausawa. Duk da haka, Hausa ce harshen da ya haɗa kowa a kasuwa da tasha da gidan biki. Garin yana kan mahaɗar hanyoyin da suka fito daga Kano da Bauchi suka nufi Maiduguri, kuma har zuwa 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, yana cikin Jihar Borno ne. Saboda haka duk abin da ya taso daga gabas zai nufi ƙasar Hausa, kaya ne ko kalma, sai ya yada zango a nan.

Harsunan yankin sun sami gata wajen nazari. Russell Schuh ya zauna a Potiskum yana nazarin Ngizim a 1969 zuwa 1970, ya fitar da ƙamusun harshen a 1981, daga baya kuma shi da Alhaji Maina Gimba suka jagoranci aikin da ya samar da ƙamusoshin Bole da Karekare da Ngamo da Ngizim da Bade a 2004. Abin da Schuh ya nuna game da Ngizim da Bade shi ne, tsofaffin kalmomin aronsu daga Barbarci suka fito, sababbin kuwa daga Hausa. Wannan na nufin Hausar da ake yi a yankin ta zauna ne a kan tsohon tasirin Borno, kuma a fannin gyaran jiki wannan tasiri a fili yake.

3.0 Tsohon Rukuni

Kalmar lalle ita ce ta fi kowace tsufa da yaɗuwa a wannan fanni. Abin sha'awa shi ne, ko da yake al'adar ƙunshi tana da alaƙa da Musulunci, Hausa ba ta ari sunan Larabci na hinna'u ba. Sunan ya fito ne daga harshen Buzaye, inda ake cewa anella, kuma Barebari na cewa nalle. Sauyin /n/ zuwa /l/ a farkon kalmar Hausa naso ne da /ll/ ta tsakiya ta jawo. Daga wannan kalma da aikinta Hausa ta gina nata kalmomin: ƙunshi, daga aikatau ƙunsa, domin a da ana ƙunshe ƙafa da ganye da tsumma ne bayan an shafa kwaɓin, zunguru, dogon ƙwaryar da ake zura hannu a ciki, da kuma sa lalle, wanda ya tashi daga sunan aiki ya zama sunan wani mataki na bikin aure.

Kwalli da tozali kuwa tagwaye ne masu ma'ana ɗaya, amma kowanne da hanyarsa. Kwalli daga Larabci kuhl yake, tozali kuma daga Buzanci tazolt. Haka nan sabulu daga Larabci sabun yake, an mayar da /n/ ta ƙarshe ta koma /l/, aka kuma ƙara wasali domin kalmar Hausa ta fi son ƙarewa da wasali. Shi kuwa sabulun salo, wanda ake dafawa da ruwan toka da mai, tare da soso da man kaɗanya da man alayyadi da man shanu, su ne kayan wankan da kowace tsohuwa ta sani. Wasu kalmomin wannan rukuni sun soma ɓacewa tare da abin da suke nufi. Kaɗan ne daga 'yan matan yau za su iya bayyana katambiri, wanda ake zanen baƙi da ruwan 'ya'yansa a fuska, ko shuni da ake shafa wa kitso, ko fure da ake gogawa a haƙora tare da goro don su yi ja.

4.0 Rukunin Gabas: Dilka da Halawa da Humra

Nan ne abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe yake. Greenberg (1947) ya raba kalmomin Larabci a Hausa gida biyu. Rukuni na farko ya shigo ta bakin fatake daga Larabcin magana na arewacin Afirka, kuma alamarsa ita ce yakan zo da harafin al- a manne, kamar alkama da albasa da almakashi. Rukuni na biyu ya shigo ta hannun malamai daga Larabcin littafi. A ra'ayin wannan marubuci, kalmomin gyaran amarya ba su dace da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Rukuni ne na uku, wanda ya fito daga Larabcin magana na Sudan da Cadi, ya bi ta bakin matan Shuwa da na Barebari, ya iso Hausa a baya-bayan nan.

Babbar hujja ita ce kalmomin alewa da halawa. Dukansu daga tushe ɗaya suke, wato Larabci halawa, abu mai zaƙi. Ta farko ta shigo tun da daɗewa a siffar al-halawa, aka shafe /h/, aka sauya wasali, ta zama alewa, abin da yara ke tsotsa. Ta biyu ta shigo ba tare da al- ba, ta riƙe /h/ ɗinta, kuma ba a cin ta. Halawa sukari ne da ruwa da lemon tsami da ake dafawa har su yi danƙo, a liƙa a fata, a fizge, su fito da gashi. Da a ce hanya ɗaya suka biyo a lokaci ɗaya, da ba su bambanta haka a sauti da ma'ana ba. Irin wannan tagwaitaka ake gani a almiski da miski, inda tsohuwar siffar ta fi fitowa a bakin malamai da waƙoƙin wa'azi, sabuwar kuma a bakin masu haɗa turare.

Dilka daga tushen Larabci dalaka take, ma'ana cuɗa ko murza. A Sudan ana kwaɓa garin dawa ne, a turara shi da hayaƙin itace mai ƙamshi, a haɗa da kanumfari da sandal da mahlab, sannan a riƙa murza wa jiki har matacciyar fata ta fita. A nan ƙasar masu haɗawa sukan yi amfani da dankalin Turawa ko gyaɗa ko garin gero, su ƙara kurkur domin launi. Ita ma kurkur abin lura ce. Hausa na da tata kalmar, gangamau, amma a bakin masu gyaran jiki kurkum ta Larabci ce ta yi rinjaye, har baƙin ƙarshenta ya koma /r/, ta yi kama da kalmomin Hausa masu ninki.

Humra kuwa daga khumra take. Sauyin /kh/ zuwa /h/ ba sabon abu ba ne, domin shi ne aka gani a alheri da Alhamis da haraji. Turare ne na ruwa da ake jiƙawa ya kwana biyu kafin a soma shafawa, kuma akwai fara akwai baƙa. Daga cikin kayan haɗinta akwai wanda ake kira farce. Wannan ba aron sauti ba ne, aron ma'ana ne. Abin murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, Larabawa suna kiransa zufr, wato farce, saboda kamanninsa, Hausawa kuma suka fassara sunan kai tsaye. Haka abin yake ga dukhan, wato hayaƙi. A Sudan matar aure ko amarya kan zauna a bakin rami da aka sa garwashi da itacen talha, ta lulluɓe da bargo har jiki ya sha hayaƙi. A nan an maye gurbin ramin da kasko da kujera mai huda, kuma ko da yake ana jin kalmar dukhan da sunan itacen durot, Hausa ta ƙirƙiri tata: turaren tsugunno.

Ta fuskar nahawu, dilka da halawa da humra duk sun ƙare da -a, saboda haka suka faɗa jinsin mace ba tare da wata gardama ba: dilkar amarya, humrar Maiduguri. Wannan lafazi na ƙarshe shi kansa shaida ne. Mai sayarwa a Kano ko Zariya takan jingina kayanta ga Maiduguri domin ta ɗaga darajarsu, kamar yadda ta Maiduguri kan jingina nata ga Cadi ko Sudan. Potiskum tana tsakiya, tana karɓa daga gabas tana miƙawa yamma.

Hanyar da kalmomin suka biyo ba ɓoyayya ba ce. Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, ta ƙasa ake tafiya Makka, a ratsa Borno da Wadai da Darfur, kuma tafiyar kan ɗauki shekaru. Da yawa sun zauna a Sudan, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya suka ci gaba da hijira a ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Matan da suka dawo daga can sun dawo da abin da suka koya a ɗakunan amare. Barbarci ma ya ba da nasa kason, alal misali kajiji, saiwar da ake sawa a turaren wuta, da wushe-wushe, sunan daren biki da yanzu ake ji har a gidajen da ba na Barebari ba.

5.0 Tsohon Suna a kan Sabon Abu

Akwai rukuni na huɗu daga Ingilishi, irin su hoda da shamfu da bilicin da dayis, waɗanda asalinsu ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda tsofaffin sunaye ke faɗaɗa su rufe sababbin abubuwa, domin a nan ne nazarin ma'ana ya taɓa lafiyar jama'a.

A ɗauki baƙin lalle. Ganyen lalle, wanda masana tsirrai ke kira Lawsonia inermis, yana da wani sinadari da ke kama fatar sama ya ba ta launin ja ko ruwan goro mai duhu, kuma sai an yi sa'o'i kafin ya kama. Ba ya ba da baƙi wuluk. Abin da ake zanen fulawa da shi ya yi baƙi cikin ɗan lokaci rinin gashi ne mai sinadarin PPD, wanda kan sa wasu ƙaiƙayi da kumburi da ƙuna, kuma idan aka sha shi yana kisa. Likitoci a Khartoum sun ba da rahoto a 1992 game da yaran da suka sha gubarsa, wasu daga ciki suka rasu. Matar da ta kira shi dayis ta san rini ne. Wadda ta kira shi lalle kuwa ta ɗora masa amincin da kakanninta suka ba ganye.

Matsalar kwalli ta bambanta, domin a nan tsohon abin ne da kansa ke da illa. Dutsen da ake niƙawa yawanci ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya a Boston da aka sami dalma a jininsa, aka gano daga kwallin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Rahoton ya kawo sunan Yarabanci tiro da na Hausa tozali da kwalli. Duk mai fassara saƙon lafiya zuwa Hausa dole ya san cewa kalma ɗaya ce ake kiran wannan dutse da ita da kuma fensirin ido na kanti.

Mafi wuya duka ita ce kalmar haske. A bakin mai dilka ta gargajiya, haske shi ne sheƙin fatar da aka murje, ko da mai ita baƙa ce. A bakin mai sayar da man haɗi kuwa, haske na nufin fata ta koma fara, kuma abin da ke yin wannan aiki shi ne sinadarai irin su haidirokwinon da zaiba da magungunan sitiroyid, waɗanda kan sirantar da fata, zaiba kuma takan lalata ƙoda. Hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Tun da kalmar bilicin ta zama abin kunya, masu sana'ar sun guje ta, sun koma ga gyaran jiki da haɗi da sabulun amarya, har akan zuba waɗannan sinadarai a cikin sabulun salo ko dilka a sayar da tsohon sunan. Mai tsara ƙamus da ya fassara dilka da abin murza jiki kawai ya faɗi gaskiya game da asalinta, amma bai gaya wa mai karatu abin da ke cikin robar da za a miƙo mata a kasuwa ba. Shigarwar irin waɗannan kalmomi tana buƙatar ma'ana biyu, ta da da ta yanzu, kowace da misalinta daga bakin masu sana'ar, tare da tsayar da rubutu ɗaya tsakanin humra da humura da khumra, waɗanda duk ake gani a jikin kwalabe.