'Yan Tsanar Makoki: Sana'ar Hannu Da Ke Cin Kasuwa Da Tarihin Turai

A watan Disamba na shekarar 1861 Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria ta Ingila, ya rasu. Tun daga ranar sarauniyar ta shiga baƙaƙen tufafi, ba ta kuma fita daga cikinsu ba har ta rasu a 1901. Wannan doguwar takaba ta mayar da kayan makoki babbar haja a ƙasar. A garin Whitby da ke gaɓar teku, fiye da mutum 1,000 ne suka riƙa cin abinci a shekarun 1870 da sassaƙa kayan ado na wani baƙin dutse mai ƙyalli, wanda masu makoki ke sakawa.

Wancan zamani ne tushen wata ƙaramar sana'ar hannu da ake yi a yau a Turai da Amurka, watau ƙera 'yan tsana na salon da ake kira Gotik. Salo ne na baƙin ciki da ban tsoro, wanda ya samo asali daga littattafan almara irin su Dracula na Bram Stoker, da aka buga a 1897. Manya masu sha'awar tara kayan fasaha ne ke sayen waɗannan 'yan tsana, su ajiye cikin akwatin gilashi.

Aikin na ɗaukar lokaci. Mai sana'ar kan fara da lanƙwasa waya ta zama ƙashin jiki, sannan ya gina fuska da hannuwa da wani yumɓun roba, irin su Fimo na Jamus, wanda ake gasawa a murhun gida. Bayan haka sai ya sa idanun gilashi, ya dasa gashin akuyar Angora, ya yi wa fuskar fenti fari fat. Daga ƙarshe ya ɗinka sutura da ƙyallayen tsohon leshi da karan-miski, bisa yayin zamanin da yake kwaikwayo. Wasu kan siffanta gwaurayen zamanin Victoria, wasu kuwa sarauniyoyin da suka yi mummunan ƙarshe, kamar Anne Boleyn da aka fille wa kai a 1536, da Marie Antoinette ta Faransa da ta gamu da irin wannan ajali a 1793.

Darajar hajar tana ga kasancewarta guda ɗaya tilo. Saboda haka yawancin masu sana'ar kan sa hannu a jikin 'yar tsanar, su haɗa da takardar shaida mai ɗauke da taƙaitaccen tarihin wadda aka siffanta. Kazalika sukan rubuta cewa kayan na masu shekara 14 zuwa sama ne, domin dokar kayan wasan yara ta Tarayyar Turai ta ware irin waɗannan kayan ajiya daga tsauraran gwaje-gwajenta.

Manyan kamfanoni sun lura da kasuwar tun da wuri. A 1998 wasu Amurkawa biyu, Ed Long da Damien Glonek, suka fara yin 'yan tsanar Living Dead Dolls da hannu. A 2001 kamfanin Mezco ya fito da su daga masana'anta, kowace cikin kwali mai siffar akwatin gawa. A 2010 kuma kamfanin Mattel ya fito da Monster High domin yara. Wannan ya faɗaɗa kasuwar, amma ya saba wa masu saye da araha, alhali mai aikin hannu na iya shafe makonni kan 'yar tsana guda.

Ta fuskar sayarwa, akwai kasuwannin bukukuwa kamar wanda masu sha'awar Gotik suka fara a Whitby a 1994. Sai dai mafi yawan ciniki ya koma intanet, musamman dandalin Etsy da aka kafa a birnin New York a 2005. La'adar dandalin ta tashi daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa kashi 5 a 2018, sannan zuwa kashi 6.5 a watan Afrilun 2022, lamarin da ya sa dubban masu sayarwa suka rufe shagunansu na mako guda don nuna rashin amincewa.

Bugu da ƙari, a ranar 13 ga Disamba, 2024, sabuwar dokar lafiyar kayan masarufi ta Tarayyar Turai ta fara aiki, inda ta wajabta wa mai aiko da kaya daga waje ya kasance da wakili a cikin Tarayyar. Ƙananan masu sana'a da dama a Birtaniya sun dakatar da aika kaya can saboda tsadar ɗaukar wakili. A ranar 29 ga Agusta, 2025, Amurka ma ta soke rangwamen kuɗin fito da take yi wa ƙunshin da bai haura dala 800 ba.

Ke nan duk mai wannan sana'a dole ya lissafa la'ada, da kuɗin aike, da kuɗin fito, kafin ya zo kan ladan guminsa. Abin da ke riƙe da shi a kasuwa shi ne mai sayen da ya yarda ya biya tsada domin mallakar abin da ba a yi na biyunsa ba.