Fasfo Ya Yi Tsada, Wa Zai Ɗaga Waya?

A ranar 1 ga Satumban 2024 kuɗin fasfo mai shafi 32 ya tashi daga naira 35,000 zuwa 50,000. Shekara guda cif bayan haka ya koma 100,000, mai shafi 64 kuma ya kai 200,000. Hujjar da aka kafa ita ce inganta aiki, kuma ba na musun cewa an ga sauyi. A 2023 ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sanar da kammala fasfo sama da 200,000 da suka maƙale, kuma a Janairun 2024 aka ƙaddamar da sabon tsarin cike takardar nema ta intanet.

Sai dai wannan sauƙi na wanda takardarsa ta tafi sumul ne. Wanda tasa ta ci karo da cikas yana nan inda yake jiya.

Cikas ɗin kuwa sau da yawa ƙarami ne. Fasfo yana ɗauko bayanansa ne daga lambar NIN, don haka dole suna da ranar haihuwa su zo daidai. Mu kuwa mutum ɗaya Muhammadu ne a takardar firamare, Mohammed a jarrabawar WAEC, Muhammad a katin ɗan ƙasa. Wani sunan garinsu ya ɗauka a makaranta, daga baya ya koma ga sunan mahaifi. Na'ura ba ta san wannan tarihi ba, tana ganin saɓani sai ta tsaya. Gyaran kuma na hukumar NIMC ne, wata ƙofa daban mai nata layi da nata kuɗi.

Duk abin da mai nema yake buƙata a nan jimla ɗaya ce: ga inda matsalarka take, ga inda za ka je. Ita ce ke wuyar samu. Koken da nake ji daga ɗalibai, da kuma a shagunan kwamfuta na Unguwar Mu'azu inda ake cike wa mutane takardu, kusan iri ɗaya ne: waya ta yi ta ringin ba a ɗaga ba, in an ɗaga a ce a ƙara haƙuri. Jami'ar da ta bai wa yaro gurbin karatu a Masar ko Malesiya ba ta san haƙuri ba, ranar rufe rajista ta sani. Daga nan sai dillali ya shigo. Jarinsa bai wuce ya san wanda zai duba fayil ya faɗa masa abin da ya tsayar da shi ba, bayanin da mai fasfo ya riga ya biya kuɗinsa.

Banki yana turo saƙo cikin daƙiƙa idan an cire naira 50 a asusu. Hukumar Shige da Fice ma tana da lambar wayar kowane mai nema. Ta tura masa dalilin tsaiko a rubuce, ta bai wa kowane koke lamba da wa'adin amsa, ta kuma zaunar da masu jin Hausa a kan layin.